Na'urori Da Yawa, Mai Fassara Ɗaya: Yadda Linux Ke Raba IOMMU

An rubuto wannan lacca daga naɗin murya. An gabatar da ita a Samaru, Zariya, gaban ɗaliban kimiyyar kwamfuta da wasu masu gyaran kwamfuta daga cikin gari. An taƙaita gaishe-gaishe, an kuma cire wuraren da murya ba ta fita ba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina da ke zaune a gaba, ina gaisuwa. Ɗalibai, sannunku da haƙuri da wannan zafi. 'Yan'uwanmu masu gyara da suka taso daga PZ da Sabon Gari, sannunku da hanya, kuma ku matso gaba, domin rabin abin da zan faɗa kun riga kun taɓa shi da hannunku.

A cikin kwamfuta, wa ke da ikon taɓa memori? Idan na tambayi ɗan aji biyu zai ce firosesa, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa ba. Katin sadarwa yana taɓawa. Faifan ajiya yana taɓawa. Katin hoto, katin sauti, mai kula da ramukan USB, duk suna rubutu a cikin memori kai tsaye, ba tare da sun bi ta hannun firosesa ba. Maganarmu ta yau a kansu take, da kuma na'urar da aka ajiye a tsakaninsu da memori, da yadda suke tarayya a kanta.

Bari in wuce da sauri ta kan abin da aka koya muku. Manhajar da ke gudana ba ta ganin adireshin ainihi na memori. Adireshin aro take gani, sai wani sashe na firosesa da ake kira MMU ya fassara shi zuwa na ainihi. Dabarar tsohuwa ce, tun kwamfutar Atlas ta Jami'ar Manchesta a Ingila, a 1962. Intel ta sa ta a cikin 80386 a 1985, wanda a kansa Linus Torvalds ya fara rubuta Linux a 1991. An yanka memori shafi-shafi, kowane shafi bayit 4096. A firosesar x86 ta bit 64, adireshin aro yawanci bit 48 ne: bit 12 na ƙarshe suna nuna wuri a cikin shafi, sauran 36 an kasa su gida huɗu, tara-tara, kowane tara yana zaɓar layi ɗaya daga cikin 512 a wani jadawali. Hawa huɗu ke nan kafin a kai ga shafin. Da yake wannan tafiya tana cin lokaci, sai aka sa wa MMU wata 'yar ma'ajiyar tuni, TLB, inda take riƙe fassarorin da ta yi kwanan nan. Kanel, wato zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, shi ke rubuta jadawalin, kowace manhaja da nata. Shi ya sa manhajar wani ba ta iya leƙa ta wani.

To, amma wannan tsaro duk a ƙofar firosesa aka yi shi. Na'ura da ke yin DMA, wato shiga memori kai tsaye, ta wata ƙofa take bi. Direba, wato manhajar da ke sarrafa na'urar, ya ba ta lamba ya ce rubuta a nan, sai ta rubuta. Idan lambar kuskure ce ta rubuta. Idan na'urar ta lalace, ko an sa mata muguwar manhaja a cikinta, ta zaɓi lambar da ta ga dama, nan ma ba mai ce mata kanzil. Tun wajen 2004 masu bincike suka nuna cewa da igiyar FireWire kawai ana iya karanta memorin kwamfutar mutum. Akwai kuma matsala ta biyu wadda ba ta da alaƙa da mugunta: tsohuwar na'ura mai bit 32 ba ta iya ambatar adireshin da ya wuce gigabayit 4. Idan bayananka suna sama da nan, dole Linux ya kwafo su zuwa wani ɗan fili a ƙasa, swiotlb, wanda bisa al'ada megabayit 64 ne, na'urar ta ɗauka daga nan. Kwafi biyu a kan aiki ɗaya.

Maganin duka biyun shi ne a sa wa na'urori nasu mai fassara. Shi ne IOMMU. Intel na kiran nata VT-d, na AMD ana ce masa AMD-Vi, na Arm SMMU, na Apple a cikin kwamfutocinta na M1 kuma DART. Na'ura ta ambaci adireshin aro, IOMMU ya duba jadawali, in an yarda ya fassara, in ba a yarda ba ya tare, ya kai rahoto ga kanel.

A nan ne bambancin yake, kuma ina so ku riƙe shi. Kowace ƙwayar firosesa tana da MMU nata, kuma a kowane lokaci manhaja ɗaya ce ke kanta, saboda haka MMU bai taɓa ruɗewa a kan wanda ke tambaya ba. IOMMU kuwa guda ɗaya ne, ko biyu, ko 'yan kaɗan, a gaban na'urori masu yawa da ke aiko buƙata a lokaci guda. A yawancin laftof na Intel, idan ka duba saƙonnin tashin kanel za ka ga dmar0 da dmar1: ɗaya na sashen hoto shi kaɗai, ɗayan na duk sauran jama'a. Don haka kafin IOMMU ya fassara komai, akwai tambayar da dole ya amsa: wa ya aiko wannan?

A tsarin PCI Express, wato hanyar da ake haɗa katuna da sauran na'urori a cikin kwamfuta, kowace buƙata tana ɗauke da lambar mai aikowa, bit 16. Takwas na layi, biyar na na'ura, uku na sashen aiki a cikin na'urar. Ita ce lambar da kuke gani idan kun buga umarnin lspci mai jero na'urori, irin su 01:00.0. A VT-d, lambar layi tana zaɓar gurbi a jadawalin tushe mai gurbi 256, wannan ya kai ka jadawali na biyu, shi ma 256, inda sauran bit takwas suka zaɓi gurbin na'urar. A cikin gurbin aka rubuta inda jadawalin shafukanta yake. AMD ta yi nata jadawali guda dogo, Arm tana kiran lambar StreamID, amma ma'anar ɗaya ce. Shi kuma kanel ba ya sanin wace na'ura ke bayan wane IOMMU sai bayos, wato manhajar da ke cikin bod wadda ke fara tayar da kwamfuta, ya gaya masa, ta wasu jadawalai na ACPI: DMAR a Intel, IVRS a AMD, IORT a Arm. Idan mai bod ya rubuta su ba daidai ba, kanel ya gaji kuskuren.

A takarda komai ya yi kyau: kowa da lambarsa, kowa da jadawalinsa. A kan bod kuwa labarin daban ne, kuma a nan zan daɗe.

Da yawanku a gidan haya kuke a nan Samaru ko Hayin Dogo. Gida mai ɗaki goma, mita ɗaya. Kamfanin wuta bai san mai ɗaki na uku ko na bakwai ba, mitar ya sani. In an biya an biya wa kowa, in an yanke an yanke wa kowa, kuma ko mai gidan ya rantse cewa kowa da ɗakinsa da makullinsa, wannan bai canza yadda aka ja wayar ba. Haka wasu na'urori suke a idon IOMMU.

Hanya ta farko da hakan ke faruwa ita ce gada. Tsohon layin PCI, wanda ya riga PCI Express, ba ya ɗaukar lambar mai aikowa. Idan aka sa gada tsakanin tsoho da sabo, gadar ce ke manna lamba a kan buƙatun duk wanda ke bayanta. Katuna uku a bayan gada, lamba ɗaya a gaban IOMMU. Ba dabarar manhaja da za ta raba su, domin bayanin da za a raba su da shi bai ma iso ba.

Hanya ta biyu ta fi ɓoyuwa. Na'urori biyu suna iya samun lambobi daban-daban, amma suna haɗe a mararraba ɗaya, kuma mararrabar tana iya miƙa saƙon wannan zuwa wancan kai tsaye ba tare da ya hau sama ya bi ta IOMMU ba. Ga mai son sauri wannan alheri ne. Ga mai son tsaro kuwa, mai gadi yana ƙofa, mutane suna wucewa ta baya. PCI Express yana da wani tanadi mai suna ACS wanda ke tilasta wa mararraba ta tura komai sama a duba. Sai dai ba kowace mararraba ke da shi ba, musamman a bod masu araha. Haka nan na'ura ɗaya mai sassan aiki da yawa: katin hoto yana 01:00.0, sashen sautinsa na HDMI yana 01:00.1, a cikin guntu ɗaya suke, kuma in ba su shelanta ACS ba, ba wanda zai iya rantsuwa cewa ba sa magana ta ciki.

Me Linux ya yi da wannan? Ya ƙirƙiro rukuni. Rukunin IOMMU shi ne mafi ƙanƙantar tarin na'urori da za a iya killace su daga sauran kwamfutar. Alex Williamson, lokacin yana Red Hat, shi ne ya kawo shi tare da VFIO, wato sashen Linux da ke miƙa na'ura kacokan ga wata manhaja, suka shiga Linux 3.6 a 2012, a kan tsarin bai-ɗaya na IOMMU da Joerg Roedel ya fara tun yana AMD. Lokacin tashi, kanel yana bin kowace na'ura daga inda take har zuwa sama, yana duba kowace gada da kowace mararraba. Duk inda ya kasa samun tabbacin rabuwa, sai ya zuba su a rukuni ɗaya. Kowa na iya gani da idonsa a /sys/kernel/iommu_groups. Za ka tarar da manyan fayil masu lambobi, a cikin kowanne akwai na'urorinsa.

Ni a ganina wannan shi ne yanke shawara mafi kyau a duk wannan fanni, kuma shi ne mutane suka fi jin haushi. Kanel ba shi ya haɗa su ba. Wanda ya zana bod ne ya haɗa su, shi kanel faɗa kawai ya yi. Da ya so, da ya nuna kowace na'ura ita kaɗai, kowa ya yi murna, a ci gaba da tafiya a kan tsaron da babu shi.

Inda abin ke cizo shi ne wajen kwamfutar baƙuwa, wato kwamfutar da ake tayarwa a cikin wata ta hanyar manhajojin KVM da QEMU. Ka ce kana so ka miƙa wa baƙuwar katin hotonka kacokan, ta sarrafa shi da direbanta. Ba laifi, IOMMU ne ma ya sa hakan ya yiwu: an rubuta jadawalin da zai sa katin ya ga memorin baƙuwar kaɗai. Amma VFIO ba ya miƙa na'ura sai duk rukuninta ya fita daga hannun direbobin mai masauki. Idan katin sadarwarka ya faɗo rukuni ɗaya da katin hoton, sai ka ga saƙon cewa rukunin bai cancanta ba. Ko ka saki duka, ko ka haƙura, ko ka canza wa katin rami. Akwai wani faci, wato ɗan gyaran da ake manna wa kanel, da ke yawo, wanda ke sa kanel ya yi kamar akwai ACS alhali babu. Ba a karɓe shi cikin asalin Linux ba, kuma daidai ne da ba a karɓa ba. Wanda ya sa shi a kwamfutar wasansa a ɗaki, shi ya sani. Wanda ya sa shi a sabar da ke ɗauke da sakamakon jarrabawar ɗalibai, wannan ganganci ne.

Wannan tarayya ce ta dole. Akwai kuma ta ganin dama, wadda kanel ke shiryawa da kansa. A Linux, jadawalin shafuka guda tare da filin adireshinsa ana riƙe su a wani tsari da ake kira iommu_domain; mu ce masa yanki. Rukuni yana manne da yanki. Bisa al'ada kowane rukuni da yankinsa, amma ba abin da ya hana a manna rukuni biyu ko biyar a yanki ɗaya. Baƙuwar da aka ba katin hoto da katin sadarwa da faifai, dukansu memori ɗaya za su gani, to me zai sa a rubuta jadawali uku iri ɗaya? Sai a rubuta guda, gurbin kowace na'ura ya nuna shi. An rage memori, an rage aiki.

Sai dai akwai sharaɗi. Idan na'urorin suna bayan IOMMU daban-daban, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, wannan yana iya karanta babban shafi na gigabayit 1, wancan iyakarsa megabayit 2, wannan bit 48, wancan bit 39, to jadawalin dole ya sauko daidai da mai rauni a cikinsu, ko kuma a ƙi haɗa su. Akwai kuma wuraren da bayos ya keɓe, waɗanda Intel ke kira RMRR, inda wata na'ura ke ci gaba da rubutu tun kafin kanel ya tashi, kamar USB saboda madannai. Duk yankin da wannan na'ura ta shiga sai an bar mata wurin nan a buɗe. Irin waɗannan ƙananan rigingimu suna daga cikin abin da ya sa aka sake gina wannan sashe da sunan iommufd, aikin da Jason Gunthorpe na NVIDIA ya jagoranta, ya shiga Linux 6.2 a 2023.

Wayoyin da ke aljihunku sun fi wannan ruɗani, amma zan taɓa kawai in wuce. A can yawancin sassa ba a kan PCI suke ba, don haka ba sa gabatar da kansu. A fayil ɗin bishiyar na'urori ake rubuta wa kanel cewa sashen kaza yana bayan IOMMU kaza da lamba kaza. Kowane kamfani da salonsa: a guntun Exynos na Samsung kusan kowane sashe, kyamara ko allo, da ɗan nasa mai fassara, a na MediaTek kuwa sassa da yawa suna tarayya a kan guda. A SMMU sigar 2, adadin jadawalan da za su iya aiki lokaci ɗaya ƙayyadadde ne, ba ya wuce 128, kuma masu ƙera guntu sukan sa ƙasa da haka sosai, saboda haka in sun ƙare sai tarayya. Ga batun wuta. Waya tana kashe duk sashen da ba ya aiki don batir ya daɗe. Idan kyamara da allo suna kan IOMMU ɗaya, kyamara ta gama, ba za a kashe shi ba sai an tabbata allo ma ya gama. Kuma dole shi ya riga su tashi, su riga shi kwanciya. Don irin wannan dogaro aka ƙara wa Linux hanyar ɗaure na'ura da na'ura a sigar 4.10.

Na baya, kuna ji na? To madalla. Yanzu kuɗin da ake biya.

IOMMU ma yana da ma'ajiyar tuninsa, IOTLB, kuma ita ma tarayya ake a kanta. Na'ura mai yawan surutu tana iya cika ta, ta kore fassarorin maƙwabta, kowa ya koma hawa huɗu. In kuma fassarar hawa biyu ce, ta baƙuwa a kan ta mai masauki, tafiya ɗaya tana iya kai wa karatun memori 24. Amma wannan ba shi ne babban ciwon ba. Babban ciwon gogewa ne. Direba ya gama da shafi, kanel ya cire shi daga jadawali, amma IOTLB yana nan riƙe da tsohuwar fassara. Muddin ba a aika masa umarnin gogewa an jira ya amsa ba, na'urar tana iya ci gaba da rubutu a shafin, ko da an riga an ba wa wata manhaja shi.

Ku yi lissafi. Katin sadarwa na gigabit 10, da ƙunshin bayanai mai bayit 1500, yana iya wuce ƙunshi 800,000 a daƙiƙa ɗaya. Idan kowanne sai an buɗe masa shafi, an rufe, an goge, an jira, kuma layin umarnin gogewar guda ne ga duk na'urorin da ke kan wannan IOMMU, kun ga inda cunkoso zai taru. Linux ya ba da zaɓi. Akwai mai tsanani: a goge nan take, kowane lokaci. Akwai mai sassauci: a tara su a goge gaba ɗaya bayan ɗan lokaci kaɗan, wanda ke nufin akwai 'yar taga da na'ura ke iya taɓa abin da ba nata ba. Akwai kuma iommu=pt, inda na'urorin mai masauki ke wucewa ba fassara, IOMMU ya zama na baƙi kaɗai. Ba wanda ya fi wani a kowane hali. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya kwafo layin umarni daga wani wuri ya manna, bai san wace ƙofa ya buɗe ba.

Ko mai tsananin ma bai toshe komai ba. A 2019 masu bincike daga Jami'ar Kambirij da Jami'ar Rice da SRI International suka fitar da aikin da suka kira Thunderclap. Sun haɗa na'urar da ke shigar burtu a matsayin katin sadarwa, suka soka ta ramin Thunderbolt. IOMMU yana kunne, amma ba ya iya buɗe ƙasa da shafi. Ƙunshi 1500 ne, shafi 4096, to sauran bayit 2596 na wa? Duk abin da kanel ya ajiye a gefen ƙunshin, na'urar ta gani, ta kuma iya canzawa. Gyaran da Linux ya yi shi ne ya ware na'urorin da ake sokawa daga waje a matsayin marasa amana, a yi musu gogewa mai tsanani, sannan in bayanan ba su cika shafi ba a kwafe su zuwa shafi mai tsabta. Wato kwafin nan da aka kawo IOMMU don a huta da shi, an dawo da shi da gangan.

Saura nau'i na ƙarshe, wanda shi ne sabo: na'ura ta yi tarayya da firosesa a kan jadawali ɗaya. Ana kiransa SVA. A tsohuwar hanya, in manhajarka tana son katin lissafi ya yi mata aiki, sai direba ya kafe shafukan a memori, ya rubuta su a jadawalin IOMMU, ya ba katin wani adireshi daban. In bayananka sarƙa ce, kowane ƙulli yana nuna na gaba da adireshi, to adiresoshin nan ba su da ma'ana a wurin katin. A SVA, gurbin na'urar yana nuna jadawalin manhajar kansa, wanda MMU ke karantawa. Adireshin da manhaja ta sani shi na'ura ta sani.

Abu uku ake buƙata daga PCI Express. PASID, lamba mai bit 20 da ake ƙarawa a kan lambar mai aikowa, don na'ura ɗaya ta yi wa manhajoji da yawa aiki, kowace da jadawalinta. Bit 20 ya haura miliyan ɗaya. ATS, wanda ke ba na'ura damar neman fassara ta ajiye a cikinta. Sai PRI, wanda ke ba ta damar cewa shafin nan ba ya nan, a kawo, ta jira, kamar yadda firosesa ke yi. Abin sha'awa ne ƙwarai. Amma ku duba abin da ya faru da gogewa. Da can wuri ɗaya ake gogewa. Yanzu duk lokacin da manhaja ta saki memori, sai an goge a TLB na firosesa, a IOTLB, da kuma cikin na'urar, kuma kanel ba zai sake amfani da shafin ba sai na'urar ta amsa. Na'ura mai nawa tana iya riƙe kanel. Sannan da ATS, na'ura tana aiko buƙata da tambarin cewa an riga an fassara. Wa ya tabbatar? Shi ya sa Linux ba ya kunna ATS ga na'urar da ya ɗauka marar amana.

Na ga ana nuna mini agogo, la'asar ta gabato. A kawo tambayoyi.

Wata ɗaliba: Malam, tunda IOMMU yana rage sauri, kuma kwamfutata ni kaɗai nake amfani da ita, me zai hana in kashe shi?

Malam: 'Yata, kina da ramin Thunderbolt ko USB4 a laftof ɗin? In kina da shi, bar shi a kunne, domin caja ko abin haɗa majigi da kika ara a wurin wani yana iya zama na'urar PCI Express. In babu, duk da haka raguwar saurin ba za ki ji ta ba a aikin yau da kullum. Masu katin gigabit 10 zuwa sama su ke kuka. Kuma yana da wani amfani da ba a cika faɗa ba. Direba mai kuskure, in babu IOMMU, zai ɓata memori shiru, kwamfuta ta faɗi bayan awa ɗaya a wani wuri daban, ki rasa dalili. In akwai shi, za ki ga layi a dmesg, wato saƙonnin kanel, ɗauke da lambar na'urar da adireshin da ta nema. Ku da za ku rubuta direba a aikinku na ƙarshe, wannan layin zai cece ku kwanaki.

Wani mai gyara: Ranka ya daɗe, wani lokaci muna sa Linux a tsohuwar laftof, allo ya riƙa tsinkewa ko ya yi baƙi, sai an kashe VT-d a bayos ya daidaita. Laifin waye?

Malam: Sannu Alhaji, tambayar mai aiki ce wannan. Sau da yawa laifin yana tsakanin sashen hoto na wasu tsofaffin guntayen Intel da jadawalin DMAR da mai bod ya rubuta: sashen hoton yana taɓa wurin da ba a shelanta an keɓe masa ba, IOMMU ya tare, allo ya ɗauke. Kafin ka kashe duka, gwada abu biyu. Fara da sabunta bayos ɗin, in akwai sabo. In bai yi ba, ka tuna na ce sashen hoto yawanci da nasa IOMMU daban. Ka ƙara intel_iommu=igfx_off a layin tashin kanel. Wannan zai saki sashen hoto kaɗai, sauran na'urorin su ci gaba da zama a killace. Bayan ta tashi ka buga dmesg ka nemi kalmar DMAR. In ka ga layukan tarewa sun daina fitowa, ka mayar wa mai ita kayansa.